Waken Samaru da Masarar TELA: Ina Ainihin Abin Tsoron Yake?

Tun da gwamnatin Najeriya ta amince a fitar wa manoma da masarar TELA a watan Janairun 2024, maganar GMO, wato amfanin gona irin wannan masara da aka sauya wa ƙwayar gado a ɗakin bincike, ta baro ɗakin taron masana ta shigo majalisar bakin titi, da teburin mai shayi, da saƙonnin murya na WhatsApp. Wani ya ce yana hana haihuwa, wani ya ce ciwon kansa yake sawa, wani kuma ya rantse cewa gonar da aka shuka shi sau ɗaya ta mutu ke nan har abada. A watan Mayun shekarar Majalisar Wakilai ta shiga maganar, ta nemi a dakata da shigo da sababbin irin har sai an yi bincike. Su kuma masana da jami'an gwamnati sukan fito su ce duk wannan jahilci ne, abu lafiyarsa lau, a ci kawai.

Na daɗe ina bibiyar wannan ce-ce-ku-ce, kuma abin da ya fi damuna shi ne kowane ɓangare ya yi wa maganar kuɗin goro. Tambayoyi ne aƙalla uku aka cusa a buhu ɗaya: shin cin abin yana cutar da jiki, shin noma shi yana cutar da manomi da gonarsa, sannan shin waɗanda aka ɗora wa alhakin sa ido sun cancanci a yarda da su. Amsoshin nan uku ba iri ɗaya ba ne. A tawa fahimtar, mun fi ɗaga murya a kan ta farko, alhali ita ce aka fi samun gamsasshiyar amsa a kanta, mun kuma yi sakaci da sauran biyun, inda nan ne gizo ke saƙar.

Gara a fara da wake, don shi ne namu. Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duniya, Nijar ke bi mata. Shi ne naman talaka: ƙosai da safe, alale, ɗanwake, garau-garau, ga harawa ga dabbobi in rani ya yi. Duk wanda ya taɓa noma shi ya san irin baƙin cikin da ke cikin ganin gona ta yi kore shar, fure ya fito, sannan ya dinga zubewa ƙasa. Cikin masu wannan ɓarna akwai wata tsutsa da masana ke kira maruka. Wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare yake yin ƙwai a jikin furen, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige cikin fure ko cikin kwanson wake ta ɓuya tana ci. Da yake a ɓoye take, maganin feshi ba ya kai mata yadda ya kamata, sai manomi ya yi ta maimaitawa, sau shida, sau bakwai, har sau takwas a damina guda. A shekarar da ta yi ƙamari tana iya cinye kashi 80 cikin 100 na abin da ake sa ran girbewa.

Hanyar da aka saba bi ita ce a nemo wani nau'in wake da Allah ya yi shi da juriya ga ƙwaron, a aurar da shi ga wanda manoma ke so. Haka aka samu waken da wuta-wuta ba ta kamawa. Amma a kan maruka an tantance nau'o'in wake sama da 15,000 a rumbun iri na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan, ba a samu mai juriyar da za a dogara da ita ba. Nan ne aka juya ga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt. Ba baƙuwa ba ce. Wani masani a Japan ya fara gano ta a 1901 tana kashe tsutsar siliki, aka sake gano ta a Jamus a 1911, kuma tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi. Har yau manoman Turai da Amurka waɗanda suka haramta wa kansu sinadarai na zamani da ita suke feshin kayan lambunsu. Abin da masu binciken suka yi shi ne ɗauko ƙwayar gado guda daga wannan bakteriya, wadda ke sa ta samar da wani furotin mai suna Cry1Ab, suka dasa ta cikin wake, domin waken ya riƙa samar da furotin ɗin da kansa.

Tambayar da kowane mai hankali zai yi ita ce: abin da ya kashe tsutsa, me zai hana shi kashe mutum? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Furotin ɗin ba ya aiki sai ya samu sharuɗɗa biyu. Na farko, sai ya narke a cikin hanji mai kanwa-kanwa irin na tsutsa, alhali tumbin ɗan Adam mai tsami ne ƙwarai, yana farfasa wannan furotin kamar yadda yake farfasa na ƙwai ko na nama. Na biyu, sai ya samu wasu wuraren kamawa a jikin bangon hanjin da zai manne musu ya huda shi, kamar yadda makulli ba ya buɗe sai kwaɗon da aka yanka shi dominsa. Tsutsar malam-buɗe-littafi tana da waɗannan wuraren kamawa, mutum da akuya da kaza ba su da su. Ko cikin ƙwari ma ba kowanne yake kamawa ba, shi ya sa darɓa da ƙananan ƙwarin fure da masu tsotse kwanso suke nan daram a gonar wannan wake, har ya zama dole a yi feshi kamar sau biyu. Ita kuwa maganar cewa ƙwayar gadon da aka dasa za ta shiga jinin mai ci ta sauya masa halitta, ai duk lomar da muka kai baki cike take da ƙwayoyin gadon gero da kuka da saniya, ciki ya narkar da su, ba wanda ya wayi gari da ƙaho.

An yi aikin dasa ƙwayar a wata cibiyar binciken gwamnatin Ostareliya, amma gwajin gona da auratayya da zaɓen iri a Samaru aka yi su, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An fara gwaji a killatacciyar gona tun 2009. Hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta kafa don sa ido kan irin waɗannan abubuwa, ta ba da izini a watan Janairun 2019, aka yi wa irin rajista da sunan SAMPEA 20-T a watan Disamban shekarar, Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fitar da irin wannan wake. Gana ta biyo baya a 2024 da nata mai suna Songotra-T, daga cibiyar bincike ta Nyankpala kusa da Tamale.

Wasu na cewa wannan canza halittar Allah ne. Ban raina wannan damuwa ba, kuma ba ni ne mai fatawa ba. Sai dai manyan malamai sun zauna a kan mas'alar tuntuni: Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta haramta kwafar halittar ɗan Adam, amma ta halatta amfani da wannan ilimi a kan tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu matuƙar zai jawo maslaha ya kau da ɓarna. Ke nan hukuncin ya koma kan cutarwa ko rashinta, wato dai tambayar da muke kai. Masu ciwon suga da yawa a cikinmu ma ba su san cewa allurar insulin da ke riƙe da rayuwarsu, tun 1982 ƙananan halittun da aka dasa wa ƙwayar gadon mutum ne ke samar da ita ba.

To me aka gani a jikin mutanen da suka daɗe suna ci? An fara noma irin waɗannan amfanin gona da yawa a 1996. Yau kusan duk masara da waken suya da ake nomawa a Amurka irin su ne, haka waken suyan Brazil da Ajantina. A Afirka ta Kudu, inda farar masara take matsayin tuwon yau da kullum kamar yadda take a gidajenmu, an shafe fiye da shekara 20 ana cin wadda aka sauya, kuma ita ce mafi rinjaye a kasuwarsu. A 2016 babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto bayan ta duba bincike sama da 900. Abin da ya fi gamsar da ni a cikinsa shi ne kwatancin da suka yi: suka ɗauki alƙaluman cututtuka na Amurka da Kanada, inda ake ci tun tsakiyar shekarun 1990, suka jera da na Birtaniya da yammacin Turai, inda kusan ba a ci. Kansa, ciwon ƙoda, ƙiba, suga, cutar galahanga, ba su ga wani bambancin da za a jingina wa abincin ba. Mai cewa ai Amurkawa kayansu suke karewa, sai ya duba Tarayyar Turai, wadda jama'arta suka fi kowa ƙyamar abin: a 2010 ta fitar da sakamakon ayyukan bincike sama da 130 da ta biya kuɗinsu cikin shekara 25, aka kammala da cewa fasahar a karan kanta ba ta fi hanyoyin kyautata iri na gargajiya haɗari ba.

Hotunan ɓeraye masu manyan ƙulullutai da ke yawo a wayoyi kuwa, asalinsu wani bincike ne da Bafaranshe Gilles-Éric Séralini ya wallafa a 2012. Ya ciyar da ɓeraye wata masara ta kamfanin Monsanto tsawon shekara biyu, ya nuna hotunansu. Abin ya girgiza duniya, har Kenya ta haramta shigo da GMO a watan Nuwamban shekarar, haramcin da bai tashi ba sai 2022. Matsalar binciken ita ce nau'in ɓeran da ya zaɓa an san shi da fitar da ƙari da kansa in ya tsufa, ko me aka ba shi ya ci, sannan ɓeraye goma-goma kacal ya sa a kowane rukuni, adadin da bai isa a bambance tsautsayi da illar abinci ba. Mujallar ta janye binciken a ƙarshen 2013, ko da yake wata mujallar ta sake buga shi a 2014. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba a tsaya a musu ba: Tarayyar Turai da gwamnatin Faransa sun zuba kuɗi aka sake gwajin da ɓeraye masu yawa, har da na tsawon shekara biyu, ba a ga abin da ya ce ya gani ba.

Duk da haka ba zan yarda da mai cewa duk wani abu mai suna GMO lafiyayye ne ba. Hanya ce ta aiki, kuma abin da aka dasa shi ne abin dubawa. A shekarun 1990 wani kamfani ya dasa wa waken suya ƙwayar gadon wata gyaɗar bishiya ta Brazil don ƙara masa gina jiki, gwaji ya nuna cewa ya kwaso har da abin da ke tayar wa wasu mutane borin jini, aka watsar da aikin tun bai kai kasuwa ba. A 2000 kuma aka tsinci wata masara mai suna StarLink, wadda dabbobi kawai aka yarda a ba, a cikin abincin mutane a kantunan Amurka, aka yi ta janye kaya. Na farko ya nuna cewa gwaji yana kama matsala in an yi shi da gaske. Na biyu ya nuna cewa ko a ƙasar da ke da dakunan gwaji a ko'ina, hatsi in ya shiga kasuwa ba ya jin kiran kowa. Darussan biyu duk sun shafe mu.

Akwai kuma wani rukunin GMO da ya kamata a ware shi daban, wato wanda aka yi don ya jure maganin kashe ciyawa, musamman gilaifoset, yadda za a feshe gona ciyawa ta mutu shuka ta tsira. Shi wannan yana ƙara yawan amfani da maganin, kuma a 2015 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilaifoset cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa, ko da yake hukumomin Turai da Amurka ba su yarda da hakan ba a kan adadin da mutum ke haɗuwa da shi. Kamfanin Bayer, wanda ya sayi Monsanto a 2018, ya amince a 2020 ya biya kusan dala biliyan 10 don sasanta ƙararrakin masu zargin gilaifoset ɗin Monsanto ya sa musu ciwon kansa. Wannan muhawara ce ta gaske. Sai dai waken Samaru ba daga wannan rukuni yake ba, kuma gilaifoset ɗin yana nan jibge a shagunan kayan noma na kowace kasuwar ƙauye, ana fesa shi ba safar hannu ba takunkumi, tun kafin a san da wani GMO a ƙasar nan.

Maganar hana haihuwa ba ta da wata hujja ta bincike ko guda. Amma wanda ya yi wa mai faɗarta dariya bai san tarihin garin da yake magana a ciki ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, 11 daga cikin yaran da ke cikin gwajin suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi izinin iyayensu yadda ya dace, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin yana hana haihuwa, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Labarin farko ya nuna cewa zargin mutanenmu yana da tushe, na biyu ya nuna irin tsadar da zargin ke yi in ya faɗa kan abin da bai ci ba bai sha ba. Don haka idan manomi ya ji cewa gidauniyar Bill Gates na cikin masu ɗaukar nauyin aikin masarar TELA, hukumar agajin Amurka kuma ta tallafa wa na wake, kuma ƙwayoyin gadon daga Monsanto suka fito, dole ya ɗaga gira. Duk wannan gaskiya ne, kuma ɓoye shi ko saurin wucewa ta kansa ya fi faɗarsa ɓarna.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, muna tsoron gubar da ba a tabbatar ba, muna haɗiyar wadda aka tabbatar. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun sinadarin daikulobos a jikinsa, wanda shi ne ke cikin fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, an samu namu yana kai wa har 4.6. An yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru. Waken da Turawa suka ƙi, mu muka cinye shi, 'ya'yanmu suka sha ƙosansa. Ga saurayin da ke goye da tankin feshi da tsakar rana, ƙafa ba takalmi, iska na mayar masa da maganin fuska, in ya gama ya wanke tankin a rafin da ake ɗibar ruwan sha. Idan wani iri zai rage masa wannan aiki daga sau takwas zuwa sau biyu, to wajibi ne a sa hakan a kan sikeli lokacin da ake maganar lafiya. Haka masara: hujin da tsutsa ke yi a jikin zangarniya shi ne ƙofar da fumfuna ke bi ta shiga, wata fumfunar kuma tana fitar da gubar da ke lalata hanta. A 2004 mutum 125 suka mutu a Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara irin wannan. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna masarar Bt, wato wadda aka dasa wa ƙwayar gadon bakteriyar nan, tana zuwa da ƙarancin gubar fumfuna, don ba ta da hujin.

Sai dai a nan ma masu tallata irin sukan wuce gona da iri. Za ka ji an ce waken Samaru zai buɗe mana kasuwar Turai. Ta yaya? Fiya-fiyar da aka kama ba a gona aka fi zuba ta ba, a sito ake zubawa, don maganin ƙwaron da ke huda wake a buhu, shi kuwa wannan ƙwaro furotin ɗin Cry1Ab ba ya yi masa komai. Maganinsa buhun nan ne mai ninki uku da ke toshe iska, wanda Jami'ar Purdue ta ɓullo da shi aka fara yaɗa shi a yankinmu tun 2007, ko durom mai murfi, da kuma hukunta ɗan kasuwar da aka kama yana yayyafa guba. Duk lokacin da aka yi wa manomi alkawarin da iri ba zai iya cikawa ba, an ƙara wa mai jita-jita hujja ne.

Yanzu sai maganar iri, wadda a ganina ta fi ta ciki nauyi. Gaskiya ne an taɓa ƙirƙiro fasahar da ke sa 'ya'yan shuka su ƙi tsirowa. Wani kamfanin auduga da ma'aikatar gonar Amurka suka yi mata rajista a 1998, duniya ta yi ca, Monsanto ya yi alkawari a 1999 cewa ba zai sayar da ita ba, a 2000 kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare halittu ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka dakatar da ita. Ba a taɓa sayar wa manomi irin wannan iri ba a ko'ina. Waken SAMPEA 20-T yana tsirowa in an ajiye an sake shukawa, don wake kansa yake yi wa barbara, kuma an bayar da ƙwayar gadon ba tare da kuɗin haƙƙin mallaka ba ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi. Masarar TELA kuwa, nau'o'inta huɗu daga SAMMAZ 72T zuwa 75T, iri ne mai aure. In ka ajiye ka sake shukawa za ta tsiro, amma yabanyar ba za ta yi kai ɗaya ba, amfanin kuma zai ragu, kamar dai kowace masara mai aure da manoman Saminaka da Funtuwa suka shekara da shekaru suna saye. Ke nan ba GMO ne ya kawo sayen iri duk shekara ba. Amma tambayar na nan: manomin da ya saba da irin kanti har ya bar nasa ya ɓace, ranar da farashi ya ninka, ko irin bai iso ba sai bayan shuka ta wuce, ko aka sayar masa da jabu a cikin leda mai kyau, ina zai nufa? Kanannado da ɗan'ila da aloka dukiya ce da kakanni suka tace shekaru aru-aru, kowanne da dalilinsa, wani don harawa, wani don daɗin ƙosai, wani don yana haƙuri a ƙarƙashin dawa. Ƙungiyoyin kare muhalli masu adawa da GMO irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey, ko da ban yarda da abin da suke faɗa kan illar cin abincin ba, a wannan gaɓar suna da abin saurare.

Burkina Faso ta isa misali. Ta fara noman audugar Bt a 2008, cikin 'yan shekaru ta mamaye mafi yawan gonakin audugar ƙasar, feshi ya ragu, manoma da yawa suka ji daɗi. Amma zaren audugar ya gajarce, alhali dogon zare shi ne abin da audugar Burkina ke taƙama da shi a kasuwar duniya. Kuskuren daga wajen auratayya ya fito, ba a mayar da irin ga asalin na gida yadda ya kamata ba. Kamfanonin audugar suka nemi Monsanto ya biya su diyyar sefa biliyan 48, a 2016 ƙasar ta koma irinta na da. Ba wanda ya yi rashin lafiya, ƙasa ba ta mutu ba, an ci gaba da noma a gonakin. Asarar ta kuɗi ce da ta suna, kuma gaggawa ce ta jawo ta.

Sannan ita tsutsa ba ta zama wuri ɗaya. In aka shekara ana ba ta guba iri ɗaya, 'yan ƙalilan da suka jure su ne za su hayayyafa. An ga haka a Indiya, inda jar tsutsar auduga ta daina jin Bt, an gani a Afirka ta Kudu, inda tsutsar karan masara ta gagari masarar Bt ta farko cikin shekara goma. Dabarar jinkirta wannan ita ce a bar wani yanki na gona da irin da ba a sauya ba, don tsutsotsi marasa juriya su rayu su gauraya da masu juriya. A takarda abu ne mai sauƙi. A ƙauyen da mutum ke da gona ƙasa da eka biyu, malamin gona kuma rabon da a gan shi an manta, wa zai gaya masa, wa kuma zai duba ya yi? Waken Samaru na yanzu ƙwayar gado ɗaya tak yake ɗauke da ita, shi ya sa masu binciken ke aikin ƙara ta biyu. Ga kuma waken jeji, ɗan'uwan namu na gida, da ke fitowa a bakin gonaki a yankin nan, wanda jefi-jefi ƙudan zuma ke haɗa su aure. Masu bincike sun duba sun ce ba sa ganin hakan zai mai da shi gagararriyar ciyawa, amma irin abin da ake ci gaba da leƙawa ne shekara bayan shekara, ba a sa hannu sau ɗaya a rufe fayil ba.

Duk waɗannan sun dawo da mu kan masu sa ido. Dokar NBMA ta tanadi a manna wa kayan GMO alama don mai saye ya san abin da yake saye. Wannan zai yiwu a kan gwangwani da kwali a babban kanti. A Dawanau fa, inda ake zazzage buhunan ƙauyuka goma a tsibi ɗaya, a auna da tiya, a ɗora wa motar Legas ko ta Maraɗi? Wake yana tsallaka iyaka ta Jibiya da Maigatari da Illela ya shiga ya fita, manomin Damagaram zai iya sayen tiya ɗaya ya shuka ba tare da hukumar ƙasarsa ta taɓa zama a kan irin ba. Ni ban ga cutarwa a cin waken ba, zan ci, zan ba iyalina. Amma wanda ya ce shi ba ya so, saboda addini ko saboda zuciyarsa ba ta kwanta ba, haƙƙinsa ne ya san abin da ke cikin kwanonsa, kuma a yadda kasuwarmu take yau ba shi da hanyar sani.

Hukumar da ke ba da izini ba aikinta ba ne ta zama mai talla. Duk ranar da aka ga jami'in sa ido a kan mumbari ɗaya da mai iri suna yabon kaya da baki ɗaya, yardar jama'a raguwa take, ko da kayan na da kyau. Abin da nake so in gani shi ne a fito da sakamakon gwajin da aka dogara da shi a fili, wane ɗakin gwaji ya yi, wa ya biya kuɗin, me aka auna, a fassara shi da Hausa a karanta a rediyo. A ba jami'o'inmu na Kano da Sakkwato da Maiduguri kuɗin da ba na masu irin ba, su sake aunawa da kansu, su kuma riƙa bin gonaki duk damina suna duba ko maruka ta fara jurewa. A buɗe rumbunan ajiyar irin gargajiya a ƙananan hukumomi tun kanannado bai zama labari ba. A Dawanau kuma a ware layin da ɗan kasuwa zai iya cewa wannan tsibin na gida ne zalla, wannan na Samaru ne, a kuma sa ma'aikatan NAFDAC su riƙa ɗibar samfuri daga tsibin biyu duk mako suna auna fiya-fiya.